Ƙoƙo Uku a Gaban Sarjan

A shekarar fari aka yi ta faɗa a Mayahi wai sarjan, ko an ɗaure masa ido, da kurɓi ɗaya yake gane geron taimakon da aka sato. Harshen nan nasa ya sa aka karya haƙarƙarin mijin wata tsohuwa. Yau ɗanta ke ɗaure a gindin gawo kan zargin satar geron, bayansa jina-jina.

Ta dire ƙoƙo uku na fura gaban jama'a. "Ranka ya daɗe, a gwada mana."

Sarjan ya yi dariya, aka rufe masa ido da rawani.

"Wannan geron garin Kona ne. Wannan na Tchaké." Ya kurɓi na ukun, ya tofar. "Na sata! Tsohuwa, wa ya ba ki? Bulala ɗari!"

"Matarka ta sayar mini."

Mai bulala ya sauke hannu.

Duka ukun gero ɗaya ne, a turmi ɗaya ta daka su.