Tsohuwa da Murhun Ƙarfe

Tunda ka ce kai ka san wuta tun kana goye, zauna ka ji misalin wata tsohuwa 'yar ƙasar Katagum. Mijinta ya rasu, damina ta kayar mata da ɗaki, sai ɗanta na fari da ke aikin duba lafiyar shanu a Gembu, can bisa tsaunin Mambila, ya zo ya tafi da ita. Ba ta ɗauko komai ba sai ƙullin tufafi da wata kaza wake-wake a kwando, jikar kazar da marigayin ya taɓa sayo mata a kasuwa. Garin kuwa sanyi ne da shi mai shiga ƙashi, gajimare na saukowa har bakin ƙofa, ruwa kuma in ya tsuge sai ya yini bai ɗauke ba. Ɗan ya ba ta ɗakin siminti mai rufin kwano da silin, ya sa aka kafa mata murhun ƙarfe mai 'yar ƙofa, da bututu da ya huda bango yana fitar da hayaƙi waje. Ya yi mata bayani dalla-dalla: busasshen itace kawai za a sa, a riƙa rufe ƙofar murhun, a kwashe toka kowace safiya, kada a shanya tufa a kansa, taga kuma a bar ta buɗe ko da faɗin tafin hannu ne. Tsohuwa ta kalle shi sheƙeƙe ta ce, "Yau kuma ni za a koya wa hura wuta? Tun ba a yanke maka cibi ba nake kwana da ita." Ya ce, "Inna, ki dai yi haƙuri, kada a taɓa bututun nan." Ta kawar da kai.

Ɗakin yana ɗumi, wannan ba a musu. Amma ita ba ɗumi kaɗai take nema ba. Kewa ce ke cinta. Tana kewar ɗakinta na jinka wanda kunkunniya ta baƙanta rufinsa, da gadon ƙasa da take hura wa kara a ƙarƙashi, da ƙaurin hayaƙin da ke kama zane ya kwana uku bai fita ba. Tana kewar tarin da malam, marigayi mijinta, yake yi in ya shigo da asuba yana miƙa hannuwa ga garwashi. Wannan wuta da aka kulle a akwati, ba a ganin harshenta, ba a jin ƙamshinta, ita a wurinta baƙuwa ce. Abokiyar hirarta ɗaya ce, kazar nan, wadda ta yi ƙwai bakwai a ƙarƙashin gado ta kwanta a kansu. Da ita take labarin gida, wa ya aurar, wa ya mutu, gonar wa ta fi gero.

Ran nan bayan azahar ana yayyafi, ɗan yana wurin aiki, matarsa na ɗakin girki. Tsohuwa ta leƙa waje ta ga hayaƙi na tashi daga bututu yana bin iska, sai abin ya ba ta haushi, wai ga ɗumi da ƙamshi ana rabar wa tsuntsaye. Ta zagaya bayan ɗaki, ta taka turmi, ta cusa jiƙaƙƙen tsumma da laka a bakin bututun. Ta dawo ta ja taga ta rufe ruf, ta toshe ƙasan ƙofa da tsohon zane, ta wangale ƙofar murhu. Hayaƙi ya ɗan turnuƙe, idonta ya yi yaji, ita kuwa har da murmushi, don rabonta da jin ta a gida tun ranar da ta hau mota. Da itacen ya zama garwashi hayaƙin ya lafa, sai ta ɗauka shi ke nan. Ba ta san garwashi na fitar da wata iska mai guba ba, wadda ba ta da launi balle wari. Kanta ya fara sarawa, jikinta ya mutu, ta jingina da bango tana ganin kamar ga malam can ya ɗaga asabari zai shigo. Allah ya sa da sauran shan ruwanta a duniya, surukarta ta kawo mata kunu da la'asar. Ta yi sallama sau uku shiru, ta banke ƙofa, ta jawo ta waje cikin ruwa tana salati, maƙwabta suka taru aka yi asibiti da ita.

Kwana biyu ta dawo. Ko zama ba ta yi ba ta durƙusa ta leƙa ƙarƙashin gado. Ba kaza, ba ƙwai. Surukar ta sunkuyar da kai ta ce a kan ƙwanta aka same ta, ta riga ta sandare. Tsohuwa ta yi kukan da ba ta yi ba ranar da aka rabo ta da garinsu, don abu na ƙarshe mai numfashi da ya haɗa ta da gidan mijinta ya tafi, kuma da hannunta ta kashe shi. Da ta share hawaye ta ɗaga kai ta dubi silin, shafe lumui, ba ko kafar allura. Nan ta gane ashe shekara sittin ɗin nan ba gwanintarta ce ta tsare ta ba, jinka ce, mai barin hayaƙi ya sulale ta cikin ciyawa iska kuma ta shigo. Ta baro jinkar a gida, ta taho da halin kwana a ƙarƙashinta.

Har ta koma ga Mahaliccinta kewar gida ba ta sake ta ba. Amma kullum za ka same ta gefen murhu, ƙofarsa a rufe, tagarta a buɗe faɗin tafin hannu, tana kallon hanyar da motoci ke gangarawa. Ita ta san wuta, ɗakin ne ba ta sani ba. Shi ya sa Hausawa suka ce, in kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya.