Tabar Kafili

"Kullum akwatin tabar nan raguwa yake, ya Ubale," in ji Raed, kafilinsa, Balaraben da ya ɗauki nauyin zamansa a ƙasar. "Duk wanda na kama, iƙamarsa halas, takardar zamansa ta ƙare."

"Wallahi ban taɓa sha ba, ya ammi."

Raed ya yanke kan wata tabar Kuba mai kauri, ya kunna wa direban nasa. "Ja mu gani."

Ubale ya zuƙa ya haɗiye, tari ya turnuƙe shi har hawaye.

Raed ya yi dariya. "Ba kai ba ne. Mashayinta ba ya haɗiyewa."

Amma Ubale ya sake shinshina hayaƙin. Wannan ƙamshi mai kama da gahawa, shi yake ji a rigar ɗansa mai aikin lambun gidan.

Raed ya yanke wata. "Yalla, kira min ɗanka."