Kwanson Harsashin da Aka Wanke da Tsamiya

Ga wani misali, a ajiye shi don ranar da waya za ta kawo labari da zafinsa. A wani gari an yi wani mutum mai aika wa gidan rediyo labarai. Ba shi da ofis, daga wayarsa sai wani tsohon babur. Wata Laraba da hantsi hoto ya shigo masa: kwanson harsashi goma sha ɗaya a kan faifai, suna ƙyalli kamar yanzu bindiga ta tofar da su. Wanda ya turo ya ce a gonar wani manomi aka tsince su, dab da rugar da ke bakin fadama. Bai gama dubawa ba wani ya sake turo hoton nan dai, ya ce an ji harbi da asuba. Na uku ya ce mutum biyu sun mutu. Mai aika labaran ya tambayi sunan mamatan, ba wanda ya san ko ɗaya. Samari kuwa har sun taru a gindin durumi da gorori da galan ɗin fetur, abu ɗaya suke jira, su ji a rediyo, don a wurinsu abin da rediyo ya faɗa ya zauna. Labaran ƙarfe ɗaya na matsowa, daga gidan rediyon ana ta kira: "Malam, wasu za su riga mu fa." Shi kuwa ya san in ya buɗe baki, kafin la'asar ba bukkar da za ta rage a tsaye a rugar nan. Ya ce a yi masa haƙuri, ya hau babur.

Ya je ya karɓi faifan a hannun manomin, bai zame ko'ina ba sai rumfar wani tsohon maƙeri mai ƙera zobe da awarwaro, wanda ya tsufa yana narka tagulla. Tsohon ya ɗauki ɗaya ya juya, ya kai hanci. Ya ce kwanson da aka harba yau warin albarushi yake yi, wannan kuwa tsamiya yake ji. Ya zura tsinke a ciki, sai jar ƙasa ta zubo, da busasshiyar saiwar ciyawa. Ya ɗora shi a kan uwar maƙera ya tsaga gida biyu, ciki kore shar. Ya ce, "Dalma ce ke tafiya, ita ke kisa. Tagulla faɗuwa take ta kwanta, kuma ba ta yin kore haka sai ta sha damina da yawa. Wannan ya girmi babur ɗinka, kuma babur ɗinka ba yaro ba ne."

Mutumin ya koma gidan manomin, ya tambayi abin da ba wanda ya tambaya tun safe: wa ya fara taɓa su? Daga bayan zana matar gidan ta amsa, murya ƙasa-ƙasa. Shekaranjiya garma ta tono su, baƙaƙe ƙirin. Ita ce ta jiƙa su da tsamiya ta goge da toka, yadda take yi wa tasoshinta, don tana so a ƙera mata zobe. Ƙanin mijinta ya ga suna ƙyalli ya ɗauki hoto. Dattawan unguwa kuma suka tuna, ai sojoji sun taɓa yada zango a filin nan suna koyon harbi, tun ba a fara noma shi ba.

Ya tafi gindin durumi, bai yi dogon bayani ba. Ya sa tsagaggen kwanson a tafin hannun wanda ya fi kowa ɗaga murya, ya ce ya shinshina. Kwanson ya bi hannu-hannu, gororin suka yi ta sauka ƙasa. Labaran ƙarfe ɗaya sun wuce shi, sai na ƙarfe huɗu ya samu, ya faɗi abin da ya gani da wanda ya nuna masa. Washegari da hantsi mai tallan nono ta shigo gari daga rugar, ƙwarya a ka, ta zauna a gindin durumin nan, ba ta ma san an yi ba.

Shi ya sa Hausawa suka ce, gani ya kori ji.