Abin da Ya Rage a Kaset

Ta danna rikoda tana jiran Baturen da ke cikin kaset ya fara karanta darasi, sai ta ji muryar Inna tana gaida Yaya da ke ci-rani a Kurmi.

"Inna! Kaset ɗin makaranta ne fa! Ga jarrabawar sauraren Turanci ta ƙarato!"

"Yo na ga kullum mutum guda ke ta zuba a ciki, ɗiyata, ba mai amsa mishi. Na ce bari ya huta in aika wa wanki saƙo. Motar albasa mai zuwa Kurmi na gab da tashi."

Ba ta yi dariya ba. Ranar kasuwar Jega ta ari kaset ɗin ƙawarta, ta sa mai kaset ya maida Baturen bisa muryar Inna. Motar albasa ta bar Aliero ba saƙo. Inna dai ta ci gaba da shanya mata batir a rana.

Ɗiyar ta ci jarrabawa. Inna ba ta ga damina ta gaba ba.

Da Yaya ya zo zaman makoki, ya tambaya ko Inna ta bar masa wata magana. Ta ɗauko kaset ɗin. Suka zauna suna jin Bature yana tambayar hanyar tashar jirgi har ya gama. Can ƙarshe, inda darasin bai kai ba, sai muryar Inna ta fito:

"Ƙanwarka kuwa ta fara gane abin da mutumin nan ke faɗi. Ka sawo mata batir."