Tsayin Auta

Ma'aikatan magudanar ruwa na ɗaga guduma, Baba ya sha gabansu, ya tokare ƙofar shagon ɗinkinsa.

"Sai dai ku fara da ni!"

"Malam tela, a kan magudana ka gina shagon nan," in ji shugabansu. "Nan ruwan unguwa yake tsayawa, ya koma cikin gidajenku. Daminar yanzu ba irin ta da ba ce."

"Ruwa baƙo ne, zuwa yake ya wuce. Shagon nan shi ke ciyar da mu."

Mama ta leƙo daga cikin gida, hannunta duk taɓo. "Maigida, tunda kai ne gwanin awo, zo ka auna mini wani abu."

Ya bi ta yana ƙunƙuni, ni ma na bi bayansu.

A bangon ɗakinmu Baba yake karta tsayin Auta da ƙusa duk shekara. A gefen zanen ƙusar akwai layukan laka da ambaliya take bari, kowanne sama da wanda ya gabace shi.

"Su biyu suke girma," in ji Mama.

Baba ya zare tef daga wuyansa. Ya auna, ya sake aunawa, ya fita. Can na ji muryarsa a waje: "Ku fitar mini da keken ɗinkin. Miƙo gudumar nan."

Na matsa kusa da bangon. Bana ruwan ya fi Auta tsayi.