Alewar Kar-a-taɓa

Wallahi ko wuni zan yi ina rantse muku, ba za ku yarda da abin da ya same ni a kamfanin maganin ƙarin jini ba. Ni fa, da kafin a kore ni daga sakandare babu malamin da ban zaunar a kan jiƙaƙƙiyar kujera ba.

A ɗakin haɗi nake aiki, inda ake zuba garin gishirin ƙarfe, wani abu kore-kore, injin ya fitar da shi jajayen ƙwayoyi masu sheƙi, an lulluɓe su da sukari. Muna zamanmu lafiya aka kawo mana jami'in kula da lafiyar ma'aikata. Wani siriri mai tabarau, yana taka ƙasa kamar aro aka ba shi. Ni na raɗa masa suna Kar-a-taɓa, ya kuwa bi shi har ofishin manaja.

Mutumin nan ya hana mu sakat. A sa takunkumi, wai ƙurar tana cin maƙogwaro. A sa safar hannu da gilashin ido. Kar a share garin a bushe, sai an jiƙa. Kar a ci abinci a ɗakin. Har wanke hannu ya tsaya yana koya mana, mu da gemunmu.

Babban wa'azinsa kuwa a kan yara ne. Wai ƙwayar da ke ƙara wa mai ciki jini, idan ƙaramin yaro ya ɗauka alewa ce ya sha da yawa, tana iya kashe shi. Wai zai yi amai, ya dawo yana wasa kamar ya warke, alhali hantarsa ce ke lalacewa. Kar a jira alama, a ruga asibiti tare da kwalbar. Ya sa manaja ya kafa doka: duk wanda ya fitar da ƙwaya ɗaya daga ɗakin haɗi, ya bar aiki.

Na ce da abokan aikina, "Wannan ko ruwan sha aka ba shi sai ya nemi safar hannu."

To amma sarkin tsoron nan yana da lago. Tun da ya daina shan taba, ba ya rabuwa da wata kwalbar jajayen alewa marasa leda a kan teburinsa. Ranar da ya kunyata ni a gaban mata masu cika kwali saboda na rataye takunkumi a haɓa, na ce zai sani. Da ya shiga bayi na juye rabin alewar a aljihuna, na cika masa kwalbar da ƙwayoyin da injin ya zubar. So nake sukarin ya narke, ƙarnin ƙarfe ya cika masa baki, ya tofar a gaban jama'a mu sha dariya.

Da safe na leƙa ta taga. Ya ɗauki ɗaya, ya juya ta a tsakanin yatsunsa, ya mayar. Marowaci, ko bakinsa ba ya yi wa kyauta. Can na hango shi ya tsallaka titi ya dawo, kwalbar kuma ba ta kan tebur.

Da rana muna cin abinci a rumfa, iyalanmu da suka kawo mana suna jiran kwanuka a bakin ƙofa, sai ga shi yana goge tabarau.

"Likita ya ce in rage zaƙi," in ji shi. "Na raba wa yaran da ke ƙofa alewa, har rububi suka yi. Wata 'yar mitsitsiya mai jan takalmi ma hannu biyu ta sa."

Ni na saya mata takalmin nan.

Ban san lokacin da na yar da cokali ba. Na tarar da 'yata a gindin uwarta, baki ja wur, tana murza wata 'yar leda a hannu tana dariya. Dariyar ce ta fi tayar mini da hankali.

"Maigida, lafiya? Me ta yi maka?"

Matata ce ke tambaya. Na suri yarinyar na yi ofishin manaja da ita, ma'aikata na biye da ni.

"Ranka ya daɗe, a ba mu mota, asibiti za mu. A kwashe duk yaran da ke ƙofa. Maganinmu suka sha."

Manaja ko motsi bai yi ba. "Alewa aka ce an ba su. Kai ya aka yi ka san magani ne?"

"Na sani."

"Ta yaya? Likita zai tambaya."

"Ni na zuba! Da hannuna na zuba a kwalbarsa jiya. Yanzu ka ba ni motar."

'Yata dai tana ta tsotson bakinta. Matata ta dafe ƙirji tana yi mini wani kallo da har yau ban gama biyan kuɗinsa ba.

Manaja ya miƙo hannu. Na zaci makulli zai ba ni, ashe karɓa zai yi.

"Kawo katin shigarka. Daga yau ba ka da aiki a nan."

"Ka kore ni gobe, yarinya za ta mutu. Ina kwalbar, mu tafi da ita?"

Sai Kar-a-taɓa, wannan matsoracin da ko ƙuda ba ya iya kora, ya jawo aljihun teburin manaja, ya fito da kwalbar a cike, an naɗe murfinta da salatif.

"Tun safe take nan a kulle," ya ce. "Wadda yaran suka sha a shagon tsallake na sayo ta, so nake kawai in ga wanda zai tashi da gudu."