Jan Rubutu a Jikin Gwangwani

"Wallahi sai na rufe kamfanin nan!" in ji jami'in, yana tsaye bakin gadon asibiti. Sabon maganin rini na kamfanin ya cinye idanun mahaifiyarsa mai sana'ar rini, likita ya ce ita da gani har abada. Shi kuwa aikinsa ke nan, tabbatar da an manna gargaɗi a kayan haɗari.

Ƙanwarsa ta miƙo masa gwangwanin maganin. "Yaya, duba."

Gargaɗin yana nan ɓaro-ɓaro, da Turanci. A ƙasa ga hatimin ofishinsa.

Muryarsa ta karye. "Inna, ba ki ga rubutun ba?"

Ta laluba ta kamo hannunsa. "Na gani, ɗan nan. Da rinin nan na sa ka makaranta. Ni wa ya sa ni makarantar da zan karanta shi?"